Riyal 3,500 da karatun ƙirƙirar gem: wace laftof ce za ta fisshe ni?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, gidanmu a Makka, na samu gurbin karatun tsara wasannin kwamfuta a Jidda, kuma an ce kowa ya zo da laftof ɗinsa. Baba ya haɗa mini riyal 3,500 da ƙyar, ya kuma ce in sani ba zai sake saya mini wata ba har in gama. Na shiga wani shago, mai shagon ya nuna mini wata siririya mai Core i7 ya ce babu kamarta. Abokina ya ce in nemi MacBook ta hannu. A Haraj kuma, shafin intanet da mutane ke sayar da kayansu, na ga wata mai RTX 3060 da araha. Kaina ya ɗaure. Don Allah a ba ni shawara kafin in kashe kuɗin nan."

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sanya albarka a karatun, ya saka wa Baba da alheri. Idan na fahimce ka daidai, kana neman kwamfuta guda ɗaya da za ta ɗauke ka shekara 3 zuwa 4, wadda za ka iya sakawa a jaka tsakanin Makka da Jidda, da kuɗin da bai kai dala 950 ba, tunda riyal 3.75 ne dala ɗaya. Kuɗin zai yi, amma babu rarar da za a ɓata a kan ƙyale-ƙyale, don haka dole mu san inda za mu zuba shi.

Sana'ata gyaran kwamfuta ce a nan Jidda, ina kuma taɓa aikin zanen 3D da ƙananan wasannin waya tare da wasu matasa. Abin da zan gaya maka daga abin da nake gani a kan teburin gyara ne da kuma abin da nake aiki da shi.

Fara da tambayar malamanka

Kafin ka taka ƙafa a kowane shago, nemi jadawalin darussa, ko ka tambayi wani ɗan aji biyu ko uku: da wane inji ake koyarwa? Inji a nan shi ne manhajar da ake gina wasa a cikinta, kuma uku ne suka fi yawa a makarantu. Akwai Godot, kyauta ne, ba shi da nauyi ko kaɗan, kusan kowace laftof ta zamani tana buɗe shi. Akwai Unity, shi ne matsakaici, shi ne kuma mafi yawan masu wasannin waya suke amfani da shi. Sai Unreal Engine 5 na kamfanin Epic Games, wanda ya fito a Afrilun 2022, shi ne mai cin ƙarfin kwamfuta. Kamfanin da kansa ya ba da shawarar RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta, gigabait 32 da katin hoto mai gigabait 8 ko fiye ga mai son aiki da shi cikin kwanciyar hankali.

Ka kuma sani cewa tsara wasa ba duka a kan allo yake ba. Mai tsara wasa shi ne yake yanke dokoki, ya zana matakai, ya auna wahala da sauƙi, ya rubuta yadda labari zai tafi. Yawancin aikin zangon farko takarda ne da biro da ƙananan gwaje-gwaje masu akwatuna da ƙwallaye. Nauyin yana zuwa ne daga baya, lokacin da za a ce ku gina fili mai haske da inuwa, ku sassaƙa mutum a manhajar zanen 3D ta Blender ko Maya, ku haɗa aikin kammalawa. Kwamfutar da za ka saya yau, saboda wancan lokacin za ka saye ta.

Katin hoto shi ne abin da ba a canzawa

Ga jigon shawarata: zuba mafi yawan kuɗinka a kan abin da ba za a iya canza shi ba bayan saye, ka bar abin da ake iya ƙarawa zuwa lokacin da hali ya samu. A laftof, katin hoto, wato GPU, a manne yake da allon uwa. Haka firosesa. Yadda ka saye su haka za su zauna har kwamfutar ta mutu. RAM da ma'ajiyar SSD kuwa, a yawancin laftof ɗin gem, sukurori ne kawai za a kwance a ƙara.

Wannan ne ya sa nake ce maka ka bar siririyar nan mai Core i7. Masu shago sun san cewa mutanenmu i7 suka haddace, shi ya sa suke fara ambatonsa. Siraran laftof na ofis yawanci ba su da katin hoto mai zaman kansa, firosesar ce take ɗaukar aikin zane da RAM ɗin da kowa yake rabawa. Ga rubutu da kallo da intanet ba su da laifi. Amma ranar da ka buɗe Unreal a kanta, allon zai riƙa tafiya da ɗingishi, fanka tana ihu, kai kuma kana jiran abu ɗaya ya motsa. Ka duba harafin da ke ƙarshen lambar firosesa: idan U ne, an yi ta ne don tattalin batir, idan H ne ko HS ko HX, an yi ta don aiki mai nauyi. Core i5 mai H tare da katin hoto mai kyau ya fi maka amfani nesa ba kusa ba a kan i7 mai U da ba shi da kati.

A cikin katin, abu na farko da za ka duba shi ne ƙwaƙwalwarsa, wadda ake kira VRAM. A nan ake ajiye hotunan bango da fatar kaya da lissafin haske yayin da kake aiki. RTX 2050 da yawancin RTX 3050 gigabait 4 gare su, ko da yake akwai 3050 mai 6. RTX 3060 na laftof da RTX 4050 suna da 6. RTX 4060 da RTX 5050 da RTX 5060 suna da 8. Ni a ganina 4 ta yi kaɗan ga wanda zai shekara 4 yana wannan karatu, 6 ita ce ƙasa, 8 ita ce abin nema. Wani ɗalibi ya taɓa kawo mini tasa yana zaton ta lalace, domin duk lokacin da ya buɗe aikinsa sai jan rubutu ya fito a saman allo cewa ƙwaƙwalwar hoto ta ƙare, duwatsun da ya jera su koma dishi-dishi kamar an shafe su da ruwa. Lafiyarta ƙalau. Katin gigabait 4 ne, filin da ya gina ya fi ƙarfinsa. Abin da na iya yi masa shi ne nuna masa yadda zai kashe Lumen, wato tsarin hasken Unreal mai nauyi, ya rage girman hotuna. Ya gama aikin, amma da wahalar da bai kamata ya sha ba.

Na ambaci katunan kamfanin Nvidia ne, wato masu sunan RTX, saboda su suka cika kasuwar laftof ɗin gem masu sauƙin kuɗi, kuma Blender yana da hanyar OptiX da take amfani da katunan RTX wajen fitar da hoto da sauri.

Abu na biyu, wanda kusan babu mai shagon da zai faɗa maka sai ka tambaya, shi ne yawan wutar da aka ba katin. RTX 4060 na laftof ana iya saita shi daga wat 35 har zuwa 115, wasu ma su kai 140 da ƙarin da kwamfutar take ba shi lokacin aiki. Suna ɗaya ne a kan kwali, amma aikin ba ɗaya ba. Kamar dawakai biyu ne 'yan uwa ɗaya, ɗaya yana cin harawa ya ƙoshi, ɗaya ana ba shi rabi. Kamfanoni suna rage wutar ne idan jikin laftof ɗin siriri ne kuma fankokinsa ƙanana. Ka ɗauki cikakkiyar lambar samfurin da ke ƙarƙashin kwamfutar ko jikin kwali, ka shiga shafin kamfanin, ka nemi inda aka rubuta TGP, wato yawan wutar katin. Idan ka ga wat 45, ka san an daƙile katin. Daga 85 zuwa sama hankalinka ya kwanta. Wata alama mai sauƙi ita ce caja: laftof mai kati mai cikakken ƙarfi ba ta zuwa da ƙaramar caja, za ka ga wat 170 ko 200 ko fiye a rubuce a jikinta.

Jerin da suke faɗowa cikin kuɗi irin naka su ne Lenovo LOQ, Asus TUF, Acer Nitro V, HP Victus, da MSI Thin ko Cyborg. Ba zan ce maka wane ne sarki ba, domin kowane jeri yana da samfura da yawa, wani mai kyau wani an matse shi. Lambar samfurin ce take magana.

RAM, ma'ajiya da allo

RAM gigabait 16 ita ce mafari. Kada ka yarda da 8 sai idan ka tabbata za ka ƙara a makon. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ka tabbatar ba a manne take ba, akwai rami biyu, ta yadda a shekara ta biyu za ka kai ta 32. Idan an ba ka 16 a sanda ɗaya, rami ɗaya a buɗe, ƙarin zai zo maka da sauƙi, kuma sanda biyu suna aiki da sauri fiye da ɗaya. Sai dai farashin RAM ya yi tashin gwauron zabo tun ƙarshen 2025, don haka idan ka ci karo da mai 24 ko 32 da bambancin kuɗi kaɗan, kada ka raina ta.

SSD mai gigabait 512 za ta cika da wuri. Unreal kaɗai yana cin gomman gigabait, ga Visual Studio, ga Blender, ga kowane aiki da tarkacen da yake tarawa. Za ka iya farawa da ita matuƙar akwai rami na biyu na M.2 da za a saka wata.

Allo kuwa nan ne kamfanoni suka fi tsuke hannu. Za su rubuta maka 144Hz da manyan baƙaƙe, wanda yake da daɗi ga mai buga gem, su ɓoye cewa launinsa kashi 45 ne kawai a ma'aunin launi na NTSC. Irin wannan allo ja yana komawa kamar ruwan lemo, kore ya kwashe. Idan zane da launi ne ɓangaren da zuciyarka ta fi karkata, nemi wanda aka rubuta kashi 100 a ma'aunin launi na sRGB. Idan kuwa kuɗi ya hana, zaɓi kati mai kyau da allo mai rauni, domin daga baya za ka iya sayen allon tebur ka jona a ɗakinka. Linzami kam dole ne ka saya tun ranar farko, ba a aikin 3D da shafa yatsa.

Maganar MacBook da ta hannu

Abokinka bai yi ƙarya ba, MacBook kwamfuta ce mai kyau. Batirinta yana daɗewa, allonta yana da kyau, Unity da Godot da Blender duk suna aiki a kanta, kuma duk mai son fitar da wasa a iPhone sai ya bi ta kan Mac saboda Xcode, manhajar Apple ta gina manhajojin iPhone. Matsalar ita ce abin da riyal 3,500 zai saya maka. Yawanci MacBook Air ce, wadda ba ta da fanka, RAM ɗinta da ma'ajiyarta a manne suke, ba a ƙarawa har abada. Idan ka samu mai RAM gigabait 8, ka ɗaure kanka. Ga shi kuma yawancin darussan Unreal da kayan aikinsa a kan Windows aka gina su, kuma wasannin da za a ce ku buga ku yi nazarinsu da yawa ba sa aiki a Mac. Ga ɗalibin da kwamfuta ɗaya zai mallaka, Windows ta fi faɗin hanya.

Ta Haraj kuwa ba zan ce kada ka duba ba. RTX 3060 na laftof, wanda ya fito a 2021, har yanzu yana aiki sosai, kuma idan mai cikakken wuta ne yana kusa da 4050. Amma ka tuna laftof ɗin gem ta hannu ta sha zafi shekaru, kuma garantinta ya ƙare. Idan za ka saya, kada ka tura ko riyal ɗaya kafin ka gan ta. Ku haɗu a wurin da akwai soket, ka je da wanda ya san kwamfuta. Ku jona caja, ku kunna gem mai nauyi ko manhajar FurMark na minti 15 zuwa 20, kuna kallon zafi a HWiNFO. Idan allon ya yi walƙiya, ko ɗige-ɗige masu launi suka fito, ko ta mutu da kanta, ka yi sallama ka tafi. Ku duba lafiyar ma'ajiya da CrystalDiskInfo. Ku rubuta umarnin powercfg /batteryreport ku ga nawa ya rage a ƙarfin batirin. Ka buɗe murfin ka rufe sau da yawa kana sauraron maƙallan, domin nan ne laftof masu jikin roba suke fara karyewa. Ka kalli kawunan sukurorin ƙasa: idan sun cinye, an sha buɗe ta, ka tambayi dalili. Windows 10 kuma Microsoft ta daina tallafa masa tun 14 ga Oktoba 2025, saboda haka ka tabbata Windows 11 ce a kai. Idan bambancin kuɗinta da sabuwa mai 4050 bai taka kara ya karya ba, ni sabuwar zan ɗauka, saboda maganar Baba cewa babu ta biyu.

Inda za ka saya da lokacin da za ka saya

A nan Saudiyya muna da wata gata da ba kowace ƙasa ke da ita ba: Ma'aikatar Kasuwanci ta wajabta garanti na aƙalla shekara 2 a kan kayan lantarki. Wannan rabin karatunka ne. Amma garanti da fatura yake tafiya, don haka ka karɓi fatura mai lambar kwamfutar, ka ɗauki hotonta ka ajiye a imel, domin rubutun irin wannan takarda yana gogewa da zafi. Manyan shagunan Jarir da eXtra sun fi sauƙin bi idan matsala ta taso. A shafukan intanet na Noon da Amazon ana samun araha, sai dai ka duba wane ne mai sayarwa, kuma ka lura da waɗanda aka rubuta wa samfurin ƙasa da ƙasa, ka tambayi wa zai ɗauki nauyin gyara a cikin ƙasar. Shagunan kwamfuta na titin Khalid bin Walid a nan Jidda ana ciniki da su, kuma nan ne za ka samu RAM da SSD. Ka tambaye su abu biyu: shin farashin ya haɗa da harajin kashi 15, kuma shin akwai Windows a ciki? Wasu ana sayar da su babu Windows, shi ya sa suke da sauƙi. Ranar da za ka ƙara RAM, ka fara tambayar wurin garanti ko buɗewar za ta shafe shi.

Lokaci ma kuɗi ne. Ana rangwame a lokacin komawa makaranta, da Ranar Ƙasa 23 ga Satumba, da Farar Juma'a a watan Nuwamba, da Ranar Kafuwa 22 ga Fabrairu. Tunda zangon farko ba shi da nauyi, idan makarantar tana da ɗakin kwamfuta, babu laifi ka yi haƙurin 'yan makonni ka jira. Sau da yawa wannan jiran shi ne yake ɗaga mutum daga kati mai gigabait 6 zuwa mai 8. Akwai kuma Tabby da Tamara masu raba biya kashi-kashi. Idan za ka bi ta nan, ka yi da sanin Baba, ka karanta sharuɗɗan, kuma ya zama cikon ɗan abin da ya rage ne kawai. Ba na son ɗalibi ya fara karatu da bashin da bai san inda zai samo biyansa ba.

Kada ka kashe duka 3,500 a kan kwamfutar idan da hali. Ka bar na linzami da jaka mai kauri da matashin ɗaga ta. Manhajoji ba za su ci maka kuɗi ba: Blender da Godot kyauta ne, Unity yana da tsarin kyauta ga masu farawa, Unreal ba ya karɓar kasonsa na kashi 5 sai wasa ya haura dala miliyan 1, Autodesk kuma tana ba ɗalibai Maya kyauta da shaidar makaranta. Kada ka saka manhajar sata, yawancin ƙwayoyin cutar da nake cirewa daga nan suke shigowa.

Zafi da ƙura

Wannan ɓangaren na fi damuwa da shi, domin shi ne yake kashe laftof a ƙasar nan. Da rani a Makka zafi yana wuce digiri 40, Jidda kuma ga laima. Firosesa idan ta kusa digiri 95 zuwa 100 tana rage gudu da kanta don kada ta ƙone, sai ka ga kwamfutar da ke tashi jiya yau tana ja da ciki. Mu kuma mutanen zaman ƙasa ne, a kan kafet ko katifa muke ɗora ta, alhali ta ƙasa take shaƙar iska. Idan na buɗe irin waɗannan, abin da nake tararwa tsakanin fanka da haƙoran ƙarfen da ke fitar da zafi wani dunƙulallen gashin kafet ne da ƙura, mai kaurin yatsa, ya toshe hanyar baki ɗaya. Da hantsaki nake zaro shi, ya fito a dunƙule. Bayan nan kwamfutar ta dawo hayyacinta ba tare da an canza komai ba.

Ka ɗora ta a kan tebur ko katako, bayanta a ɗage. A share fankokin ko sau ɗaya a shekara, sau biyu ya fi. Kada ka bar ta a mota da rana ko na awa ɗaya. Idan ka fito da ita daga ɗaki mai sanyin na'ura zuwa laimar Jidda, ka ba ta 'yan mintuna kafin ka kunna. Ka kashe ta gaba ɗaya kafin ka saka a jaka, domin idan barci kawai ta yi tana iya farkawa a ciki ta dahu. Idan kullum a jone take, ka saita caji ya tsaya a kashi 80 ko ƙasa, yawancin kamfanonin suna da wannan a manhajarsu.

Ka kuma shirya wa nauyinta. Yawancin irin waɗannan sun haura kilo 2, ban da caja, kuma batirinsu ba ya jure aiki mai nauyi, ƙarfinsu ma raguwa yake idan an cire wuta. A jirgin ƙasa na Haramain ko a bas, karatu da rubutu za ka yi da ita, aikin inji sai ka samu soket. Kowane aiki kuma ka riƙa ajiye kwafinsa a GitHub, shafin ajiye ayyukan manhaja a intanet, ko wata ma'ajiya ta waje, tun daga makon farko.

Idan Baba yana ganin kamar wasa za ka je yi, ka gaya masa cewa a Satumban 2022 Saudiyya ta ƙaddamar da tsarin ƙasa na wasannin kwamfuta da gasanninsu, da burin samar da ayyuka 39,000 kafin 2030, kuma a 2024 da 2025 an yi gasar cin kofin duniya ta wasannin lantarki a Riyad. Sana'a ce da ake neman masu ita.

Shawarata ta tsaya ne a kan ɗalibi da ƙananan ayyuka irin waɗanda nake yi. Wanda zai shiga aikin tabarau na VR ko manyan filaye irin na kamfanoni, kuɗin nan ba zai kai shi ba, sai kwamfutar tebur ko ta makaranta. Farashi kuma yana sauyawa mako-mako, shi ya sa ban ɗaure ka da samfuri ɗaya ba. Idan malamanka suka ce Unreal ne, nemi kati mai gigabait 8 da wuta daga wat 85, ko da za ka jira Nuwamba. Idan Unity ne, RTX 4050 da RAM 16 mai ramin ƙari ta ishe ka. Idan Godot ne da wasanni masu shimfiɗaɗɗen zane, ko Ryzen 7 mai Radeon 780M a ciki za ta yi, ka samu sauƙin nauyi da batir mai daɗewa, ka mayar wa Baba canjinsa. In ka samu biyu ko uku da suka kwanta maka, turo mini cikakkun lambobinsu da farashin kowacce mu duba tare kafin ka biya.